Minti Goma Sha Ɗaya

Ran Talata ta faɗo ta ramin ƙofa,
ambulan mai ruwan ƙasa, tsakanin takardun talla.
Na ɗauka da kofin shayi a ɗaya hannun,
na ga hatimin kotu,
na ajiye kofin.

Fam ɗari biyu da saba'in da bakwai.
Mai ƙara: kamfanin da ban san ƙofarsa ba.
Wanda ake ƙara: ni, Denholm Pickering,
da na yi shekara talatin da ɗaya ina jan bas a Barnsley
ba a taɓa tsayar da ni ba.

Laifina minti goma sha ɗaya ne.
Filin ajiye motoci bayan kantin magani,
awa guda kyauta, abin da ya haura a biya.
Kyamara ta ga shigata, ta ga fitata.
Abin da ke tsakani ba ruwanta.

Abin da ke tsakani kuwa Glenys ce,
zaune a kujerar roba kusa da layin karɓar magani,
numfashi na yi mata gardama,
leɓɓanta sun sauya launi,
yarinyar kanti ta durƙusa da kofin ruwa,
ni ina riƙe da jakarta kamar wawa.
Wa ke duba agogo a irin wannan lokaci?

Wasiƙar farko ta ce fam sittin, in an biya da wuri.
Na danne ta da kwanon lemo.
Ta biyu ta ce ɗari.
Ta uku ta zo da jan rubutu muna zaryar asibiti.
Glenys ta tafi a Fabrairu.
Bashi bai san zaman makoki ba,
ya ci gaba da ƙiba a ƙarƙashin kwanon.

Terrence maƙwabcina ya leƙo ta kan shinge:
"Biya ka huta, ba a ja da masu lauyoyi."
Jikata Imogen ta karanta takardar sau biyu.
"Kaka, kwana goma sha huɗu gare ka ka ce ka gani.
An ce shiru ma magana ce,
to a nan shiru amsa laifi ne."

Da magariba muka koma filin.
Ga allon can sama, kan dogon ƙarfe,
reshe ya rufe rabinsa,
ƙwan fitilar da ke kansa ya daɗe da mutuwa.
Rubutun sharaɗin kamar sawun kiyashi.
Imogen ta ɗau hoto huɗu.
Ni na tsaya ina kallon gurbi na bakwai daga bango,
inda na buɗe mata ƙofa ran nan.

A teburin kicin ta ce,
"Ba labari suke so ba, jera musu da lamba."
Ɗaya: ni ne direban, ban ɓoye ba.
Biyu: allon ba ya karantuwa, ga hoto.
Uku: ban ƙulla yarjejeniya da abin da ban gani ba.
Huɗu: fam ɗari ya haihu, a nuna mini ta ina.

"Biyar fa?" in ji ta. "Akwai shaidar kun shiga kantin?"

Na tashi na nufi bayan ƙofa.
Shuɗiyar rigar sanyinta na nan inda ta rataye ta.
Wata tara ban taɓa aljihun ba.
Na sami alewar minti guda biyu,
da tikitin bas,
da rasit a ninke:
sunan maganin, da kwanan wata,
ƙarfe biyar da minti arba'in da biyu.

Imogen ta shimfiɗa shi da bayan cokali.
Ta rubuta biyar, ta goge, ta sake rubutawa.
Ta ce in danna da kaina.
Na danna.

Yanzu sai jiran ranar zama.
Ko alƙali ya ba ni gaskiya, ko ya ba su kuɗi,
zan sa farar riga in je in faɗa da bakina.
Alewar na mayar aljihun.